Kular Bishir a Kan Katanga

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku yarintata, na rubuta shekarun koyarwa, har tafiyata hajji na rubuta da tsawo, duk don kada in iso nan. To, ga shi na iso. Kun tashi kuna jin ana cewa Innarku ce ta narkar da aikin Baffanku Bishir. Ke Aisha, na taɓa jin kina ba ƙannenki labarin a tsakar gida kuna ta dariya, ita kuwa tana zaune tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba. Labarin nan ba haka yake ba, kuma duk duniya ni kaɗai na san yadda yake. Ku bi ni a hankali, don sai kun san abin da ke cikin kular nan tukuna za ku gane girman abin da aka yi.

Shekarar da sojoji suka yarda za su koma bariki su miƙa wa farar hula, mutanenmu da suka daɗe a ƙasashen waje suka fara dawowa, kowa na cewa ƙasa za ta gyaru. Bishir na cikinsu. Ni ne ɗan fari a gidanmu na Ƙofar Kwaya, shi ne auta, shekara goma sha ɗaya ke tsakaninmu. A lokacin na yi shekara ashirin ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Ni na fara ɗora ɓawon albasa ƙarƙashin madubin ƙara girma na ce masa leƙa, yana ɗan aji ɗaya, har ya yi ihu don mamaki. Daga nan yaro ya wuce ni fintinkau, ya samu gurbin karatu a Turai, ya yi shekara tara, ya dawo ana ce masa Dakta. Ni kuwa ina nan inda ya bar ni. Ni ke kai Baba asibiti, ni ke nemo magini duk damina ta gabato, ni ke zuwa Babbar Kasuwa auno hatsi. Da ya sauka, unguwa ta cika gidan, tsofaffin da suka san ni tun ina rarrafe suna miƙa mini hannu suna cewa, kai ne yayan Dakta ko?

Kakanku masaƙi ne, kun sani. A shekarar idonsa ya riga ya yi rauni, ya daina zama a masaƙa, amma wadari bai daina ba. Kullum da hantsi sai ya kafa 'yan turakunsa a gindin katangar waje, ya riƙa kai da komo da zare yana lalube, yana jera wa abokan sana'arsa. Kuma mutumin da ne sosai: tunda ni ɗan fari ne, bakinsa bai taɓa kama sunana ba. Mai Alli yake ce mini. Na san kunya ce, na san haka kowane uba yake yi a garin nan, amma sani daban, zuciya daban. Bishir kuwa sunansa sau goma a wuni, kamar yana tsotsar alewa.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure mu uku, Baba ya juya ya ce:

"Bishir, wai mi ka kwashe shekara tara kana yi can? Allura kake yi wa mutane ko magani kake bayarwa?"

Na gyara zama ina murmushi. Na tabbata Hausar Bishir ta yi tsatsa, kuma na tabbata tsohon masaƙi ba zai gane komai ba sai ni na shiga tsakani na fassara. Na ma fara shirya kalmomina.

"Baba," in ji Bishir, "jikin mutum da na akuya da na wake duk 'yan ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu. Tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, cikin cibiyar akwai zare. Na mutum in aka warware shi zai kai kamu huɗu, a cikin abin da bai kai ƙwayar ƙura ba."

"Kamu huɗu? Haba! To ai sai shi sarƙe."

"Abin da na je koyo ke nan, Baba. Me ya hana shi sarƙewa."

Sai na ga tsohon nan ya ajiye carbinsa ya matso. Bishir ya ci gaba, ba gaggawa. Ya ce zaren nan, wanda a makaranta muke kira DNA, shi ke ɗauke da umarnin halitta: launin fata, tsawon mutum, lokacin da wake zai yi fure. Kowace ƙwaya tana da zaren duka, amma ba duka take karantawa ba. Ta ido na karanta nata rabon, ta hanta nata. Ya ce cikin cibiyar akwai wata siririyar raga, kuma zaren ba yawo yake ba, ɗaure yake da ragar wuri-wuri, tsakanin ɗauri da ɗauri sai ya yi lanƙwasa. Wuraren ɗaurin su kansu ba su ɗauke da umarnin komai. Amma suna da hannu wajen wace lanƙwasa za ta saki jiki a karanta ta, wace za ta zauna a dunƙule, kuma suna hana abin da ke faruwa a wata lanƙwasar ya tsallaka ya dami maƙwabciyarta. Ya ce masu son sa wa wake sabon umarni don ya jure tsutsa sun sha wuya, saboda sau da yawa umarnin yakan faɗa wurin da ke dunƙule, ya yi shiru kamar ba a sa ba. In kuwa aka haɗa shi da maɗauransa gaba da baya, ya fi yin aiki. Maɗauran nan na wake su ya yi shekaru yana tsamowa ɗaya bayan ɗaya, su ya zo da su gida.

Baba ya buga cinyarsa.

"Wadari ke nan! Turke bai shiga cikin gwado, wanda ya saya bai taɓa ganinai ba. Amma kafa shi ba daidai ba ka gani, ratsin ja shi faɗa inda na baƙi yake."

Ya laluba ya kama hannun Bishir ya riƙe.

"Ashe saƙa ka je koyo. Bishir, kai ka gaje ni."

Wallahi sai na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Shekara ashirin ina zana da'ira a allo, ina cika ta da 'yan layuka suna yawo kamar taliya a tukunya, ina ce wa 'ya'yan mutane ga cibiya nan. Shekara ashirin kuma Baba bai taɓa tambayata me nake koyarwa ba. Na ce, da murya wadda ni kaina na ji ta yi tsami:

"Littafin da muke koyarwa dai bai faɗi haka ba."

"Gaskiyarka, Yaya," in ji Bishir. "Har yanzu masana na gardama a kan ragar nan, wasu ma na cewa wanke-wanken da muke yi wa ƙwayar ne ke haifar da ita. Shi ya sa aikin bai ƙare ba."

Da ya yi mini girman kai da na samu abin riƙewa. Sauƙin kan nan nasa shi ya fi ƙona ni. Baba kuwa ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Mai Alli, kai dai saurara."

Ba zan yi wa abin ado ba, hassada ce tsagwaronta. Tun daga ranar kome Bishir ya yi sai ya tsaya mini a wuya: yadda yake cin tuwo da hannu yana santi, yadda yake tsugunawa har ƙasa ya gaida ni, yadda mutanen GRA ke aiko mota a ɗauke shi saboda an ce sabuwar gwamnati za ta buɗe masa ɗakin bincike. In na yi salla nakan roƙi Allah ya cire mini, in na sallame kuma in ji muryarsu a zaure shi da Baba suna maganar zare, sai abin ya dawo sabo fil.

Yanzu ga kular. 'Yar shuɗiyar kula ce, ba ta fi ta kai abinci asibiti ba. A ciki akwai 'yan kwalabe na roba kamar ɗan yatsa, jere cikin kwali, kowace da 'yar takardarta. Wasu na ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai da ya ɓoye maɗauran waken a jikinsu, wasu kuma sinadaran ragar ne da ya sha wuya kafin ya tace. Dole su zauna a daskare. Ɗakin binciken da ya yi aiki a can an rufe shi bayan malaminsa ya ajiye aiki, don haka abin da ke cikin kular shi ke nan, babu wani a ko'ina. Firiza ɗaya ce a gidan, ta Innarku, wadda take sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara da ita. Bishir ya sayo ɗan janareta saboda ɗaukewar wuta, ya sa kular a ƙasan firizar kafin a gama shirya masa wurinsa.

Ku da kuka san su suna gaisawa kamar baƙi ba za ku yarda ba, amma duk gidan ba waɗanda suka kai Innarku Rabi da Bishir wasa. Ƙanin miji ne da matar wa, kuma tun yana ɗan firamare aka kawo ta gidan. Bai taɓa yi mata maganar gaske ba, ita ma ba ta taɓa yi masa ba. Ranar da ya sa kular ina tsaye na ji su.

"Uwargida, ga amanata nan. Shekara tara ce a ciki. In kika fitar da ita, na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Tun kana da majina kake sakina. Kai dai faɗi gaskiya, Bature, cukwin Turai ne ka ɓoye don kada mu ci."

"Wallahi da gaske nake."

"Ai kullum da gaske kake."

Suka bushe da dariya. Bishir ba wawa ba ne, ya gane maganarsa ba ta shiga ba, kuma ya san daga bakinsa ba za ta taɓa shiga ba. Ana saura kwana uku a rantsar da sabbin shugabanni tafiya ta kama shi zuwa Kaduna, wajen takardun kayan aikinsa. Da safe ya same ni ina goge takalmi, ya tsuguna.

"Yaya, don Allah ka yi wa Uwargida maganar kular nan da kanka. Ni duk abin da na faɗa wasa take ɗauka. Kai ka san abin da zafi ke yi wa irin waɗannan. Ko wuni ɗaya suka yi a waje, an gama."

"Na ji," na ce masa. "Ka tafi abinka."

Ban gaya mata ba. Ranar farko na ce wa kaina mantawa na yi.

Wani maƙwabcinmu ya ci kujerar majalisa, gidansu za su yi walima ranar rantsuwa, suka ba Innarku aikin zoɓo da kunun aya mai yawan da ba ta taɓa samu ba. Tun asuba take dafawa tana tacewa tana ɗaurawa a leda. Firiza ta cika, wuri ya ƙare. Ana gobe rantsuwa, da hantsi, na fito daga ɗaki na sa hula zan tafi makaranta, sai na hango shuɗiyar kular a kan 'yar katangar da ke tsakanin madafa da rijiya. Har faifai ta kifa mata a kai, baiwar Allah, wai kada ƙura ta hau. Bazara ce, ruwa bai sauka ba, irin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na tsaya cak. Taku biyar ne tsakanina da kular. Duk gidan nan ba wanda ya san abin da ke faruwa a cikinta sai ni, malamin ilimin halittu, wanda ke koya wa yara abin da zafi ke yi wa farin ƙwai. Kalma ɗaya ta isa: Rabi, mayar da ita. Da ta mayar a take, ko da za ta zubar da rabin zoɓonta, don ba ta taɓa musa mini ba.

Tana tsugune tana ɗaure leda, ta ɗago ta ce:

"Malam, a dawo lafiya."

Na ce, "Allah ya sa." Na fita.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban yi niyya ba, wai na ɗauka kular za ta riƙe sanyi, wai na makara ne. Ƙarya ce, kuma na tsufa da yi wa kaina ƙarya. Abin da ke kunnena ina taka lungun nan shi ne muryar Baba yana cewa kai ka gaje ni. Da azahar na dawo na tarar da ita a wurin, ruwa na tsiyaya a jikin katanga, na wuce na shiga ɗaki na ci abincina. Washegari gari ya ɗauka, kowace rediyo na kawo bikin rantsuwa, mata na ta shiga da fita da bokitan zoɓo, kular na nan a rana. Sai da yamma, bayan an kwashe kaya, Innarku ta goge ta da tsumma ta mayar da ita firiza, hankalinta kwance.

Bishir ya dawo kwana ɗaya bayan haka. Yana buɗe kular ya gane, don ruwan da ya narke ya sake daskarewa, 'yan takardun duk sun saɓule sun manne a gefe guda. Bai yi ihu ba. Ya zauna daɓas a ƙasa a tsakar gida da rigarsa ta tafiya, yana ɗaga kwalaben ɗaya-ɗaya yana duba su a rana. Innarku ta fito tana goge hannu, ta fara cewa, "Bature, cukwinka dai ban taɓa ba," sai ta ga fuskarsa. 

"Kwana nawa ta yi a waje?" ya tambaye ta.

"Biyu. Bishir, wallahi tallahi na ɗauka wasa kake."

Ya gyaɗa kai kawai. Bayan ya yi salla ya same ni a zaure, Baba na kishingiɗe a gefe.

"Yaya, ka gaya mata kuwa?"

Na dube shi ido cikin ido na ce:

"Na gaya mata. Sau biyu ma. Ka san mata in sana'a ta taso."

Ya yarda, don bai taɓa jin na yi ƙarya ba. Baba ya ce, "Allah shi kyauta," ya juya fuskarsa bango. Innarku kuwa har ta koma ga Allah ba ta san Bishir ya ba ni saƙo ba, ba ta kuma san abin da na faɗa a zaure ba. A wurinta, an gaya mata ta ɗauka wasa, shi ke nan laifinta.

Zan gaya muku abin da ya fi muni: mako guda na yi ina jin sanyi a raina. Bayan nan ne abin ya fara cina. Bishir ya kai kwalaben wurin wani abokinsa a Zariya, suka yi iya yinsu, biyu kawai suka farfaɗo, su ma ba a san ko wane ne wane ba tunda takardun sun saɓule. Da aka tashi maganar ɗakin binciken ba shi da abin nunawa. Ya yi shekara guda yana 'yar koyarwa, sannan ya tattara ya koma Turai yana aiki ƙarƙashin wasu, bai kuma sake taɓa maganar wake ba. Baba ya yi watanni yana amsa gaisuwar Innarku da kalma ɗaya. Ita kuma ta ba ƙanwarta firizar, ba ta sake dafa zoɓon sayarwa ba. Wasan da ke tsakaninta da Bishir ya mutu murus. In ya bugo waya sai ya ce a gaishe da Hajiya, ba Uwargida ba. Ni kuwa na samu abin da nake nema, zaure ya koma daga ni sai Baba. Shekara biyu muka yi a haka yana tambayata ko Bishir ya aiko da wasiƙa, har ya rasu autansa ba ya kusa.

Sau nawa na buɗe baki zan gaya mata? Ban san iyaka ba. Kowace shekara maganar na ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara zama dattijon da ake kira sasanta mutane a unguwa.

Da ciwon ajalin Innarku ya yi tsanani, kun tuna Baffanku ya zo gida. Ranar da ya shigo duba ta da la'asar ta ce ku duka ku fita, ta bar ni da shi. Ba ku san abin da aka yi a ɗakin ba. Ta sa na tayar da ita zaune, na jingina ta da matashi, numfashinta na fita da ƙyar. Ta dubi Bishir, furfura ta cika masa kai, ta ce:

"Bishir, ban son in je gaban Allah da hakkinka. Na ɓata maka aikinka, na raba ka da garinku, na raba ka da Baba. Ka yafe mini."

Bishir ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce ya yafe tun tuni, duniya da lahira, ya ce ita ma ta yafe masa shekarun da ya yi yana ɗaure mata fuska. Ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Sannan ta juyo wurina. Ina riƙe da kafaɗarta, bakina a buɗe, maganar na bisa harshena, wallahi tana bisa harshena.

"Malam," ta ce, "ka zama shaida ya yafe mini."

Na ce, "Na shaida."

Kwana huɗu bayan nan muka kai ta makwancinta.

To, kun ji. Uwarku ba ta ci amanar kowa ba. Duk wanda kuka taɓa ba wancan labarin, ku neme shi ku ba shi wannan, ko da mutuncina zai zube a idonsa. Na sa an buga wannan babin daban, na aika wa Baffanku tun watan jiya, har yau bai ce komai ba, kuma yana da gaskiya in bai ce ba. Shi dai yana da adireshi. Ita kam ba ni da inda zan aika mata.